Maƙwabcin da Nake Gaisarwa da Harsashi

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa bai nemi tabarma ba, ya ɗaga sama bai kafa ginshiƙi ba, ya raba wa bayinsa rabo, wani ya samu taro, wani ya samu kaɗaici. Bayan haka, ku matso ku ji abin da ya same ni, ni Tunau ɗan Magajiya, mutumin Rafin Gawo, a ƙasar da ke bayan ƙasashe.

Ni dai tun ina ƙarami Allah ya yi ni da surutu. Mahaifiyata takan ce ko kabari aka sa ni sai na ƙwanƙwasa wa na kusa na tambaye shi labari. To, bakin nan nawa shi ya kai ni ya baro. Wata rana a kasuwa na ji fatake suna zancen wata ƙasa can bayan Kogin Toka, wai ana haƙar jan gishiri a cikinta, wanda sarakuna ke saye da nauyinsa na zinariya. Kafin su rufe baki na ce ai ni zan je na ɗebo. Da aka yi mini dariya sai na rantse, da na rantse kuwa tafiya ta zama dole.

Mu da yawa muka tashi. Muka isa Kogin Toka, wanda ba ruwa ke gudu a cikinsa ba sai toka mai ɗumi, ana haye shi a cikin ƙoƙon bayan wani kunkuru da ya fi rumfar kasuwa faɗi. Nan rabinmu suka tuna sun bar gonakinsu ba shuka. Muka shiga Dajin Ƙaya, inda iska ke bi ta cikin ƙayoyi tana kiran kowa da muryar uwarsa, sauran suka amsa kira suka juya. Ni ma na ji tawa, tana cewa in dawo in ci tuwo. Amma na san Magajiya ba ta taɓa kirana da taushi haka ba, sai na toshe kunnuwana da danƙo na wuce.

Bayan dajin na faɗa wani fili na farin gishiri, ba itace, ba tsuntsu, ba tudu, wanda ake kira Haɗiye-Murya. Abin mamakinsa shi ne, in ka yi magana a sarari, muryarka ba ta wuce tsawon hannunka, filin ya shanye ta. Na yi sallama ban ji amsa ba, na yi waƙa, na yi zagi, duk a banza. Ruwana ya ƙare, ƙafafuna suka ƙi, na faɗi.

Na farka a cikin wani ɗaki da aka gina da tubalin gishiri aka lulluɓe bangonsa da fatu, don a ciki murya takan tsaya a ji ta. Wata tsohuwa na ɗiga mini ruwa a baki tana murmushi, irin murmushin wanda ya tsinci dami a kala. Sunanta Yalwa, ita ce mai tsaron rijiyar wurin.

Ta ce, "Sannu da zuwa, magajina."

Na ce, "Iya, ni matafiyi ne, jan gishiri nake nema."

"Ni ma shi na zo nema, lokacin gashina baƙi ƙirin. Babu shi, ɗan nan, ƙaryar fatake ce. Abin da ke akwai shi ne al'adar filin nan. Wanda rijiya ta ceci ransa, shi zai tsare ta har ranar da ta ceci wani."

"In na ƙi fa?"

"Ƙafarka ce, ba mai riƙe ka. Amma ranar da rijiyar nan ta kwana ba mai tsaro, kurayen gishiri za su tone ta su rushe. Wanda zai faɗi bayanka ba zai tashi ba."

Na nemi abin cewa na rasa, kuma wannan ne karo na farko da haka ta faru da ni.

Kafin ta tafi ta koya mini bindigar rijiya. Tsohuwar bindiga ce, ƙotarta ta yi sulɓi saboda hannayen da suka riƙe ta. Bututu biyu gare ta, na sama wanda harsashi ke fita, da na ƙasa wanda suke kira rumbu, inda harsasai ke kwanciya a jere in an tura su ta wata 'yar ƙofa a gefe. A ƙarƙashinta akwai wani ƙarfe mai zobe da suke kira linzami. In ka tura shi gaba ka dawo da shi, sai ya tofar da kwanson da aka harba, ya ɗauko sabon harsashi daga rumbu ya sa a maƙogwaro, ya kuma ɗana 'yar gudumar da ke baya.

Da ta miƙo mini na karɓa ina jujjuyawa, bakinta ya dubi cikin tsohuwar. Ban ankara ba sai na ji muciya a bayan hannuna.

"Bakinta ba ya duban abin da kake so ya kwana da rai."

"Ai babu komai a ciki, Iya."

"Wa ya gaya maka? Ita ta faɗa? Buɗe linzami ka leƙa da idonka. Kuma cire wannan yatsan daga kan kunama, ba ya shiga nan sai ido ya gama shawara."

Haka na yi ta shan muciya har na iya. Wajen sauke harsasai ta fi tsanantawa. Ta ce kowane jan linzami harsashi mai rai ne ke bi ta maƙogwaro, guduma kuma a ɗane, don haka in juya bakinta inda ba kowa, yatsa a waje, in yi ta ja har ta daina tofarwa, sannan in leƙa maƙogwaro in leƙa rumbu, domin wani yakan maƙale ya yi lamo. Ta ɗauko harsashi ɗaya ta sa mini a tafin hannu.

"Ka ga kansa a baje yake? A rumbu hancin na baya yana kan gindin na gaba ne, daidai inda guduma ke sara. In ka kuskura ka ɗura mai tsini, da bindiga ta yi tsalle sai tsinin ya zama guduma, rumbu duka ya tashi a hannunka."

Daga ƙarshe ta gaya mini zancen gaisuwa. Filin da ke haɗiye muryar mutum, ƙarar bindiga kam ɗaukarta yake yi ya kai ta nisan yini guda. Saboda haka masu tsaron rijiyoyi da bindiga suke gaisawa. Kullum in rana ta taɓa gishiri, na gabas ya harba ɗaya sama, na yamma ya amsa.

Ta ce, "Rijiyar gabas da kai ta daɗe da mutuwa, na yamma kaɗai ya rage maka. Ban taɓa ganinsa ba, kai ma da wuya ka gan shi. In maƙwabci ya yi shiru har rana ta nutse, sai a zazzage masa rumbu guda sama. Ita ce jana'izar maƙwabci a nan."

Ayari na farko da ya biyo, shi ta bi, ko waiwaye ba ta yi ba. Ban ga laifinta ba.

Daga nan kaɗaici ya zauna mini. Ayari sai a shekara a ga ɗaya ko biyu, su sha ruwa, su bar mini hatsi da dabino, su wuce ina tsakiyar labari. Na yi hira da guga, na yi hira da tukunya, har faɗa muka yi da murhu muka shirya. Wani lokaci nakan zauna a ɗaki in kira sunana don kawai in ji an kira shi. Na yi kuka ba sau ɗaya ba, ba na jin kunyar faɗa. Abin da ya hana ni haukacewa shi ne gaisuwar yamma. In harba, in ɗauke numfashi, can sai in ji amsa ta taho ta ƙarƙashin ƙasa, dum. Ban san sunansa ba, ban san kamanninsa ba, amma na san ranar da yake da nishaɗi, don yakan amsa tun ƙarata ba ta gama mutuwa ba, na kuma san ranar da jikinsa ya yi nauyi. Duk duniya abu ɗaya nake tsoro, ranar da zan harba a yi shiru.

Shekaru suka shuɗe a haka. Wata rana da hantsi sai ga wani farke mai suna Gagare ya ɓullo daga yamma, shi kaɗai da jiminai masu ɗaukar kaya, don a filin nan jimina ce raƙumi. Na shigar da shi ɗaki, na cika shi da tambaya har ya gaji. Ya kwance wata jaka ya zube harsasai masu ƙyalli, kowane da tsini kamar na basilla.

Ya ce, "Sabon yayi ne, mai rijiya. Naka na zamanin kakanni ne."

Na ce, "Mayar da kayanka. Waɗannan ba na bindiga mai rumbu ba ne."

"Kai ka cika gardama. Maƙwabcinka na yamma, tsoho Korau, bai yi mini haka ba. Idonsa ya yi rauni, sai ya shafa ɗaya, ya ji ya fi nasa tsawo, ya ce to wannan zai fi kai gaisuwa nesa. Nasa ma sun ƙare, a gabana ya harba na ƙarshe jiya. Yau da sababbi zai gaishe ka."

A ranar na fara jin sunansa, a ranar kuma na ji cewa zai mutu saboda ni. Na tsaya na auna abin. In na harba da yamma zai amsa, rumbu ya tashi a hannunsa. In na yi shiru zai jira har rana ta nutse, sannan ya yi mini jana'iza da su. Ko ta ina mutuwa ce, sai dai shirun zai ba ni ɗan lokaci.

Na ce wa Gagare, "Za ka kwana a nan ka tsare mini rijiya, ka kuma ba ni jimina mafi gudu."

"In na ƙi fa?"

"Guga na hannuna, jiminanka kuma ba su sha ba tukuna."

Ya dubi jiminansa, ya dube ni, ya zauna.

Na rataya salkar ruwa, na ɗauki bindiga da jakar harsasaina, na haye jimina na nufi yamma. Muna cikin gudu rana na tsaka sai na ga inuwoyi suna bin mu ta gefe. Kurayen gishiri farare ne fat, girmansu ya kai na jaki, ba a ganinsu a kan filin sai dai inuwarsu. Jiminar ta firgita ta yi wata irin karkata, na kai hannu na cafki fukafukinta, ban samu komai ba sai gashi ɗaya dogo, na faɗi. Bakin bindiga ya cake cikin gishiri. Jimina kuwa ta yi gaba abinta, ba sallama.

Na rarrafa na haye wani dutsen gishiri da ke kusa, inuwoyin suka kewaye ni. Yatsana na ƙaiƙayi, amma bindigar da bakinta ya toshe ba kura take kashewa ba, mai ita take kashewa. Na juya bakinta gefe, na zazzage harsasai cikin hulata ɗaya bayan ɗaya. Na bar linzami a buɗe, na zura gashin jiminar nan na yi ta sakata har gishirin ya zube, na leƙa na ga haske ya ratsa bututun. Na sa harsashi ɗaya, na auna inuwar da ta fi matsowa.

A nan na tuna. In na harba, filin zai kai ƙarar har wurin Korau, shi kuwa mutum ne da bai taɓa barin gaisuwata ta faɗi ƙasa ba. Ga bindiga lafiya lau a hannuna, ga kura, amma ba damar harbi. Na fitar da harsashin na mayar jaka. Kurayen nan dai ba nama ne ya fi damunsu ba, ruwa suke bi, shi ya sa suke tone rijiyoyi. Na kwance salkata na huda ta da wuƙa, na wulwula na jefa iyakar ƙarfina. Inuwoyin suka ruga suka dunƙule a kanta suna cizon juna. Na sauka ta ɗaya gefen na kama hanya da ƙafa, ba ruwa.

Ba zan ba ku labarin wannan tafiyar ba, don ni ma rabinta ban san na yi ba. Abin da na sani, rana ta taɓa gishiri ina tafe, lokacin gaisuwa ya zo ya wuce, kuma tun da na karɓi rijiya ban taɓa barin wannan lokacin ya wuce ni shiru ba. Rana ta nutse rabi sa'ad da na hango ɗaki irin nawa, da mutum tsaye a gabansa.

Tsoho ne dogo, ya rame, yana fuskantar gabas, bindiga a kafaɗa bakinta sama, babban yatsansa a kan guduma. Na ƙwalla kira da abin da ya rage mini na murya, filin ya haɗiye. Na ɗaga bindigata da linzami a buɗe, wanda shi ne alamar baƙon lafiya a filin nan, amma idonsa bai kai ba. Da na ƙara matsowa sai na ga takalmansa a ajiye gefe, shi kuma yana tsaye ƙafa ba takalmi a kan tsurar gishiri, yana ɗaga wannan ya sauke, ya ɗaga wancan, kamar mai neman abu da tafin ƙafa. Hawaye na bin gemunsa. Sai na gane. Mutumin nan ba da kunne yake jirana ba.

Tsoro nake in taɓa shi ya firgita da bindiga a ɗane. Tawa kuwa na san ba komai a cikinta, don na leƙa da idona. Na riƙe ta da hannu biyu na buga gindin ƙotarta a ƙasa, na sake bugawa, na yi ta bugawa. Tsohon ya zabura, ya sunkuyar da kai yana sauraron ƙafarsa, ya ɗauke yatsa daga guduma. Na zagayo ta gefensa, na kama hannunsa na ɗora a kan buɗaɗɗen linzamina.

Ya ce da ƙarfi, irin maganar wanda ba ya jin kansa, "Baƙo, ka dakata mini kaɗan. Maƙwabcina ya rasu yau, zan sallame shi."

Na sa baki a kunnensa na ce, "Baba, ni ne."

"Kada ka wahalar da kanka, ɗana, ba na ji. Bindiga ta cinye kunnen tun tuni."

Sai na koma magana da hannu. Na ɗauki harsasai biyu daga jakar da ke rataye a wuyansa, na jera su a tafinsa, tsinin ɗaya a kan gindin ɗaya, na kama yatsansa na bi da shi wurin, sannan na ɗan ƙwanƙwasa na bayan. Ya sake shafawa. Na ga fuskarsa ta sauya a hankali. Ya miƙo mini bindigar da hannu biyu, bakinta na sama.

Na juya ta wajen fili, yatsa a waje, na riƙa jan linzami sannu sannu kamar mai zare ƙaya daga ƙafar yaro. Suka riƙa faɗowa cikin hulata har ta daina tofarwa. Na leƙa maƙogwaro ba komai, na leƙa rumbu sai ga gindin wani ya maƙale. Na ɗan girgiza, na sake ja, ya fito. A gindinsa tsinin na bayansa ya riga ya yi ɗan gurbi. Na sa yatsan tsohon a wurin, ya shafa, ya zauna a ƙasa.

Can ya ɗago ya ce, "Allah ya saka maka, ko wane ne kai. Amma ka ara mini naka in masu bajen kai ne. Rana ta nutse ban sallami maƙwabcina ba. Shekara da shekaru bai taɓa fashi ba, bai kamata ya tafi shiru ba."

Na nuna gabas, na nuna ƙirjina, bai gani ba. Sai na tashe shi tsaye a kan gishiri, na sa harsashi ɗaya a tawa, na ja da baya, na ɗaga bakinta sama na harba.

Tsohon ya daskare. Ya dubi ƙafafunsa ya daɗe. Sannan ya miƙo hannuwa yana lalube har ya samu fuskata, ya shafa goshina, ya shafa gemuna.

Ya ce, "Wannan ai muryar gabas ce. Ashe kana da rai." Ya yi dariya hawaye na zuba. "Ni da nake zaton tsoho ne irina."

Ya ba ni ruwa, ya ba ni dabino. Muka zauna a ɗakinsa na yi ta zuba, duk abin da na tara na shekaru, zancen Magajiya, da Rafin Gawo, da faɗana da murhu. Yana ta gyaɗa kai yana murmushi, bai ji ko kalma ɗaya ba. Na sani, amma ban iya yin shiru ba.

Da gari ya waye na raba harsasaina biyu na ba shi rabi, masu tsinin kuma muka haƙa rami nesa muka binne. Na cika salkar da ya ba ni, amma ƙafata ta ƙi tashi. Na kama hannunsa na ja shi wajen gabas, ya girgiza kai ya nuna rijiyarsa. Sai na ajiye salkar, na zauna a ƙofar ɗakinsa, na ɗora hannunsa a kafaɗata don ya san na zauna ke nan. Wallahi a lokacin na yarda rijiyata ta rushe, in dai zan riƙa ganin fuskar mutum.

Ya daɗe hannunsa na kafaɗata. Sannan ya lalubo salkar ya rataya mini, ya lalubo bindigata ya sa mini a hannu.

Ya ce, "Tashi ka koma, ɗana, tun rana ba ta yi zafi ba. In kana nan, wa zai gaishe ni da yamma?"

Na tashi na koma.

Nan hikayata ta tsaya, abin da na ƙara Allah ya yafe, abin da na rage ku yafe. Ku sha ruwa ku cika salkunanku, ku ɗan ba ni hanya. Rana ta kusa taɓa gishiri, akwai wanda ya cire takalmi yana jirana.